Namiji Ya Fita Da Kalma, Mace Ta Fita Da Bashi

'Yan'uwa talakawa, maza da mata, na kasuwa da na gona, yau muna so mu taɓo wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba, watau kuɗin da mutuwar aure ke ci. Lissafin ɗaurin aure kam kowa ya iya shi. Tun daga kuɗin gaisuwa, da sa rana, da sadaki, da lefe, har zuwa gara, ba tsohuwar da ba za ta ƙidaya maka su da yatsu ba. Amma lissafin rabuwa sai wanda abin ya faɗa wa, shi ma sai ya tsaya a ƙofar kotu sa'an nan ya ke sanin abin da a ke ciki.

Abin da ya sa muka ɗauko maganan nan shi ne, kwanan baya wata mata ta zo ofishinmu tare da wanta, suna so a rubuta musu wasiƙa zuwa ga wani kawunsu da ke Ikko, a roƙe shi rance. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekararta 7 a gidan miji, 'ya'yansu uku. Maigidan ya daina cefane tun bara waccan, in ta yi magana sai duka. Ta yi yaji sau biyu, iyaye suka ce ta yi haƙuri ta koma, ta koma. Da abin ya ishe ta, ta ce ya sauwaƙe mata, sai ya ce shi ba ya saki, in tana so ta tafi sai ta biya shi. Ta kai ƙara. Sadakinta N50,000 ne, amma takardar da ya miƙa wa alƙali N400,000 ke ciki. Ya sa lefe, ya sa toshin salla, ya sa ragon suna, har kuɗin asibitin haihuwar ɗansa na fari bai bari ba. Aka yi wata biyar ana ɗage shari'a, yau bai zo ba, gobe alƙali ya yi tafiya. Daga ƙarshe manya suka shiga tsakani aka tsaya a kan N150,000. Uwarta ta sayar da gadon da ta yi mata, wanta ya taɓa jarinsa, saura kuma shi ne a ke nema a Ikko.

Muka tambaye ta, "Baiwar Allah, da a ke dukanki, maƙwabta sun sani?"

Ta ce, "Malam, ai duk layinmu ba wanda bai sani ba. Sau nawa matar mai unguwa ta shigo raba mu."

Muka ce, "To, kin gaya wa alƙali haka? Kin kai su shaida?"

Sai ta dubi wanta, ta ce, "Yaya, ashe ana kaiwa?"

To, jama'a, kun ji inda gizo ke saƙa. Ashe gaskiyar masu iya magana da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Kada wani ya ce mun zo mu yi wa shari'a gyara. Shari'a ba ta bukatar gyaranmu. Abin da mu ke kuka da shi shi ne an ɓoye wa talaka rabinta, an bar masa rabin da ya ke biya. Ga abin da ke cikin littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, watau Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shehu Halil, da Tuhfa, kowa ya je ya tambayi malamin unguwarsu.

Mace tana da ƙofa fiye da ɗaya ta fita daga auren da ya ƙi. Ta farko ita ce hul'i, watau ta fanshi kanta da dukiya. Asalinsa yana cikin aya ta 229 ta Suratul Baƙara, da labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu da Buhari ya rawaito. Ita da bakinta ta ce ba ta ga aibin mijinta ba a wajen addini ko hali, zaman ne kawai ba ta iyawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ta mayar masa da lambun da ya ba ta sadaki, shi kuma ya sake ta. Ku lura da kyau, wannan ƙofar mace ce wadda ba a cuce ta ba. Gaskiya ne a mazhabar Maliku an yarda su daidaita a kan sadaki, ko ƙasa da shi, ko fiye da shi, in da yardar juna. Amma malamai da yawa sun ƙyamaci namiji ya karɓi fiye da abin da ya bayar.

Ƙofa ta biyu ita ce ta wadda aka cuta. In miji yana dukanta, ko yana zaginta da iyayenta, ko ya bar ta ba ci ba sutura, ko ya yi tafiya ya yi watsi da ita, ta kuwa tabbatar da haka a gaban alƙali, to alƙali yana da ikon raba auren ba tare da ta biya ko anini ba. Har ma malaman Malikiyya sun sauƙaƙa mata shaida, suka ce a karɓi shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta, domin sun san ba a gayyatar shaidu ranar da za a doki mace a ɗaka. Kuma ga wadda ta fi duka, in mace ta riga ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar cewa cuta ce ta tilasta ta, to a mayar mata da kuɗinta, sakin kuwa yana nan daram. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana namiji ya ƙuntata wa mace domin ya ƙwace wani abu daga abin da ya ba ta.

Akwai kuma ta uku. In rigima ta yi tsanani aka rasa mai laifi, aya ta 35 ta wannan sura ta ce a naɗa mutum biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. A mazhabarmu in sun kasa sulhu suna da ikon rabawa, da biya ko ba biya, gwargwadon inda suka ga laifin ya ke.

To, ina matar nan mai ƙuli-ƙuli ta faɗa? A ƙofa ta biyu ta ke, amma ta farko aka nuna mata, gama ita kaɗai ce kowa ya sani. Namiji mai wayo ya gane wannan sarai. In ya furta saki da bakinsa, ba ya samun kome, sai ma ɗawainiyar idda ta hau kansa. In kuwa ya matsa mata har ta gaji ta nemi fita da kanta, sai ya sami na lefen wata. Wannan ciniki ne, kuma mu 'yan kasuwa mun san sunan cinikin da a ke yi da wanda aka ɗaure wa hannu.

Game da takardar N400,000 ɗin nan kuwa, ci da sha da sutura da magani da namiji ya yi wa matarsa a cikin aure wajibi ne ya sauke, ba rance ya ba ta ba. Ragon suna na ɗansa ne. Turmin atamfar da aka kawo shekara 7 da suka wuce ya daɗe da zama tsumma, ta ɗaura shi tana yi masa tuwo. Shi zai iya mayar mata da shekarunta 7? Dokar da aka sa wa hannu cikin watan Yuli na 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi N70,000 a wata. Watau abin da ya nema ya kusa albashin wata 6 na ƙaramin ma'aikaci, in bai ci bai sha ba. Mai ƙuli-ƙuli kuwa ba ta da albashi.

KUƊIN DA BA A RUBUTAWA

Ban da kuɗin fansa akwai waɗansu ƙananan kuɗi da ke cin mutum kamar gara. Akwai kuɗin shigar da ƙara, wannan na hukuma ne, ana ba da rasit. Sa'an nan sai na mai kai sammaci, wanda zai ce ba shi da kuɗin mota. Sai na kwafin takarda. Sai na goro nan da can, waɗanda ba su da rasit ba su da iyaka. Sai kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, nata da na waliyyinta da na shaidu, tun kuwa da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Duk ranar da aka ɗage shari'a, an sake biya ke nan. Kuma ranar kotu ba ranar kasuwa ba ce. Wanta ya rufe rumfa, ita ba ta yi suya ba, mai sayen mai ya koma wajen wata. In hukunci bai yi mata daɗi ba ta ce za ta ɗaukaka ƙara, nan kuma sai lauya, lauya kuwa ba ya magana da yunwa.

An sha canza wa kotunan nan suna. Da kotunan En'e ne, a hannun sarakuna. Cikin 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Cikin 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e suka koma na gwamnati. Daga shekara ta 2000 kuma jihohi 12 suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, Zamfara ce kan gaba. Allon ƙofa ya canza sau da yawa, amma ku je kowace safiya ku dubi masu zama a gindin bishiyar kotu. Mata ne da goyo, suna jiran a kira su.

'Yan'uwanmu Kirista da suka yi auren rajista su ma ba su tsira ba, nasu ma ya fi tsawo. Bisa dokar 1970, Babbar Kotu kaɗai ke raba irin wannan aure. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu, kuma bayan hukuncin farko sai an jira wata 3 kafin rabuwar ta tabbata. Da wuya talaka ya bi wannan hanya ba lauya. Shi ya sa da yawa su kan watse kawai, kowa ya kama gabansa, a takarda kuwa suna nan mata da miji.

WADDA AKA SAKA KYAUTA FA?

Kada ku ce wadda miji ya saka da bakinsa ita ta huta. Ita ma tana biya, sai dai nata a hankali ya ke zuwa. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda. A sakin da ke da kome, cinta da suturarta suna kan mijin har ta gama. In tana da ciki, sai ta haihu. In tana shayarwa, aya ta 6 ta ce a biya ta ladan shayarwa. Aya ta 241 ta Baƙara ta ambaci kyautar sallama ga wadda aka saka, ko da ya ke a mazhabarmu abin so ne, alƙali ba ya tilastawa. Riƙon yara kuwa, Malikiyya sun ba uwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, in dai uwar ba ta auri bare ba, ciyarwa kuma a kan uba.

To, ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah, a unguwarku mata nawa kuka gani sun yi idda a ɗakinsu? Abin da muka saba gani shi ne takarda a hannu, a kira mota a kwashe kaya kafin magariba. Kayan ɗakin da uba ya ci bashi ya yi, rabi ya karye a hanya, rabi a jibge a zaure ruwa ya dake shi, daga baya a kai wa dillaliya a rabin kuɗi. Yara kuwa ko a ƙwace su a miƙa wa kishiya, ko a bar mata su ba ko kwano ɗaya na masara. Tsohon da ya aurar da 'ya yana murna ya rage baki ɗaya, sai ga baki huɗu sun dawo masa. Daga nan sai a ɗora wa yarinya tallan goro, a tura yaro bara. Duk wanda ke zaune a Kurmi ko Sabon Gari ko Kwari ya san yaran nan, kullum suna wucewa ta gaban rumfarsa. Su ne ke biyan kuɗin sakin da ubansu ya yi kyauta.

MASU CEWA KADA A SAUƘAƘA

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce in aka sauƙaƙa wa mata fita, aure ba zai zauna ba. Za su ce akwai matan da ke shiga domin lefe, wata uku su tada ƙayar baya, su bar mutum da bashi. Ba mu musa ba, akwai su. Mijin nan shi ma talaka ne ɗan'uwanmu, watakila adashin shekara biyu ya kwashe ya haɗa akwatunan nan. Wanda aka yi wa haka yana da hakki, hul'i kuwa dominsa aka ajiye shi. Alƙali mai adalci ya san bambancin amaryar wata uku da uwar 'ya'ya uku.

Amma batun wai tsada ce ke riƙe aure, sai mu ce a dubi ƙofar namiji. Tasa a buɗe ta ke, ba kuɗi ba sammaci, kuma ta nan mafi yawan aure ke zubewa. In da gaske tsada a ke so ta tsare aure, me ya sa aka ɗora ta a kan wanda bai riƙe igiya ba? Auren da bashi kaɗai ke riƙe da shi kuwa, kowa ya san irin tuwon da a ke ci a gidan.

Masu mulki sun san da matsalan nan. Cikin watan Janairu na 2009 ƙungiyar zawarawa ta shirya zanga-zanga a Kano, Hukumar Hisba ta hana. Cikin 2012 gwamnatin Kano ta fara auren zawarawa da mutum 100, cikin 2013 aka ɗaura 1,111 a rana ɗaya, cikin Oktoba na 2023 kuma 1,800. Cikin 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya tada maganar a rubuta dokar iyali, aka yi ta muhawara a kai. Ba mu raina auren zawarawa ba, wanda ya aurar da marar galihu Allah ya ba shi lada. Amma mai zuba ruwa a tulu ya kamata ya duba gindin tulun. Ranar ɗaurin aure akwai 'yan jarida da masu hoto, gindin bishiyar kotu kuwa ba mai zuwa.

Waɗansu ƙasashen Musulmi sun riga sun gwada. Maroko, 'yan Malikiyya ne kamarmu, cikin 2004 suka yi doka cewa mai son saki sai ya nemi izinin kotu. Kotu ta gwada sulhu, in ya ƙi sai ta yanka masa abin da zai ajiye na idda da sallama da ciyar da yara, ta ba shi kwana 30. In bai kawo ba, an ɗauka ya fasa. Masar kuwa cikin 2000 ta ba mace ikon karɓar hul'i a kotu ko miji bai yarda ba, in ta mayar da sadaki ta yafe hakkokinta na kuɗi, amma ba a taɓa hakkin yara. Ba mu ce a kwafo nasu duka ba. Mun kawo su domin a san cewa abin yana yiwuwa.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, a rubuta kuɗin kowane aiki na kotu a allo, da boko da ajami, a kafa a bakin ƙofa, kowane kwabo kuma a ba da rasit.

Na biyu, duk matar da ta zo neman rabuwa, kafin a yi maganar ko nawa za ta biya, alƙali ya fara tambayarta ko an cuce ta, ya gaya mata tana da ikon kawo maƙwabta.

Na uku, a sa wa shari'ar aure wa'adi. Mijin da aka kai wa sammaci sau uku ya ƙi zuwa ba dalili, a ci gaba ba shi, ya kuma biya kuɗin motar da ya jawo.

Na huɗu, kowane saki a rubuta shi a gaban hukuma, a rubuta abin da uba zai riƙa bayarwa na yara kowane wata, a kuma bi shi a karɓa kamar yadda a ke bin mu harajin rumfa.

Na biyar, Hukumar Taimakon Shari'a da aka kafa tun 1976 domin marasa ƙarfi, a ba ta ma'aikata masu jin Hausa, mata a cikinsu, su riƙa zama a inda matan su ke.

Sauran kuma namu ne, ba sai mun jira gwamnati ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar ɗaurin aure, waliyyai su sa a rubuta sadaki nawa ne, me aka kawo kyauta, shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Iyaye mata su rage gasar akwatuna, gama lefen da kuka yi alfahari da shi yau, shi za a karanto wa 'yarku a kotu gobe. Shugabannin kasuwa da ke sasanta rigimar bashi tsakanin 'yan kasuwa, su riƙa kiran ɗan ƙungiyar da ya watsar da 'ya'yansa su yi masa magana. Mutumin da ya ci amanar 'ya'yan cikinsa, kai da ka ba shi kaya bashi sai ka yi hattara. Ku kuma mata, in wata a cikinku ta shiga wannan hali, ku raka ta, ku faɗi abin da kuka gani da abin da kuka ji.

Matar nan mun rubuta mata wasiƙar Ikko kamar yadda ta nema. Amma mun rubuta mata ta biyu, zuwa kotu, da sunayen maƙwabta uku da suka yarda za su tsaya. Da za su tafi wanta ya ce, "Malam, da mun san haka tun farko, da gadon Inna yana nan." Mu kuwa muka ce to, yanzu kun sani, sai ku gaya wa na gaba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfa da zaure da cikin gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya zaunar da aurenmu lafiya, inda kuma zama ya ƙare, ya sa a rabu ba tare da an ci hakkin kowa ba, amin.